Mai Zanen da Ya Bi Inuwa

Ku 'ya'yan yanzu kamar an zuba muku ƙaiƙayi a mazauni. A ba ku aiki, rana ta ɗan taɓa muku ƙeya, sai ku tashi neman inda ya fi daɗi, kuna cewa ai duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne. Ku buɗe kunne.

An yi wani saurayi a birni da ke koyon zanen gine-gine wurin wani dattijo, zane na tawada da fenti mai ruwa. Hannun saurayin na da kyau, wannan ba a ja. Dattijon ya nuna masa cewa ido yana da ƙa'idarsa. Abin da ke kusa girma yake yi, na nesa ya ƙanƙance. In ka tsaya a bakin lungu, katangar dama da ta hagu matsowa suke yi har su haɗu can ƙurya, daidai tsayin idonka. Wannan mahaɗar ita ce turken zane, layin taga da na rufi duk can ake ɗaure su. Kullum yakan ce masa, "Ɗana, inda ka fara zama nan za ka gama. In ka gusa, turken ya gusa."

Wata rana wata tsohuwa ta zo. Washegari za a rushe gidan mahaifinta don a faɗaɗa titi, soro ne mai bene da zankwaye. Lokacin hoto bai yawaita ba, tana so a zana mata shi ta riƙa nuna wa jikoki inda aka haife ta. Dattijon tsufa ya hana shi riƙe alƙalami sosai, sai ya tura saurayin. Da hantsi ya kafa kujerarsa a gaban gidan, ya fitar da zaure da katangar hagu, ya bi su da tawada. Da rana ta take, gumi ya fara ɗiga, sai ya hangi inuwar darbejiya can gefen dama, ga dakali mai sanyi a ƙarƙashinta. Ya ce a ransa, gida ai ba tafiya yake ba. Ya kwashe kayansa ya haye dakalin, daga can ya ƙarasa benen da tagoginsa. Ya sa jar ƙasa a jikin bango, ya sa shuɗi a ƙyaure, launi kam ya fita.

Da la'asar tsohuwar ta karɓi takardar, ta daɗe tana kallo. Zaure ya fuskanci nan, bene ya fuskanci can, tagogin kamar suna zamewa ƙasa. Ta ce, "Yaro, wannan ai ya riga ya faɗi. Gidan babana a tsaye yake." Ta ajiye masa takardarsa ta tafi tana share ido da bakin mayafi. Tawada ba ta goguwa, rana kuma ta yi sanyi, ba a iya sake wani. Da gari ya waye ya garzaya da sabuwar takarda, ya tarar katafila ta riga shi, sai tarin ƙasa da azara.

Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya ɗauki zanen ya kafe shi a bango daidai inda saurayin ke zama, ya ajiye kwalin ashana a gabansa ya ce daga zanen wannan kwalin zai sake farawa. Sa'o'insa suka zana masallatai da kasuwanni, shi yana nan da kwalin ashana, a unguwar kuwa ba wanda ya sake ba shi ko akurkin kaji ya zana. Inuwar yini ɗaya ya saya da sunansa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.