Rumfar da Ke Ɓoye Murya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan albarka.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A wani zamani can gaba, hukumar lafiya ta kafa rumfa a bayan kasuwa. Mazan da ke neman maza sukan shiga su faɗi abin da suke buƙata don kare kansu daga ƙanjamau. Rumfar takan sauya muryar mai magana da ta mai saurare, kowa ya zama baƙo.

Malama Tabawa ce ke saurare daga ofis tana rubutawa. Ran nan wani ya yi gyaran murya sau uku kafin ya fara, yadda ɗanta Ɗanlami ke yi tun yana ƙarami. Alƙalaminta ya tsaya cak.

"Malama, maganin rigakafi nake so, na mutum biyu. Ina da mata, ba ta san komai ba."

Tabawa ta ce, "Bawan Allah, ba a ba mutum magani a ɓoye. Ku je gwaji tare, kai da matarka."

Suka je, aka same su lafiya, suka fara karɓar maganin rigakafin. Tabawa kuwa har ta koma ga Allah ba ta nuna wa Ɗanlami ta gane shi ba. Ƙurunƙus.