Kamu Huɗu Tsakanin Ƙofa da Ƙofa

Tunda ka ce ka bincika ko'ina ba ka gano bakin zaren ba, gyara zama in ba ka misalin wani magini. Ba maginin laka ba ne, irin na zamanin nan ne masu gina gidajen wasa a cikin kwamfuta, su sa ɗan mutum-mutumi ya riƙa shiga ɗaki yana fita, mai wasa yana tuƙa shi da yatsa. Shi wannan mutumin an rushe gidan kakanninsa da aka zo faɗaɗa hanya, kuma cikin waɗanda aka haifa a gidan ba wanda ya rage sai goggonsa. Ta sauka wurinsa don ganin likitan ido, likita ya ce ganin nata tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba. Sai maginin ya yi mata alkawari: kafin ta koma ranar Asabar, zai zagaya da ita gidan nan tun daga zaure har ɗakin mahaifiyarta, tun idonta yana iya gani.

Ya buɗe manhajar da ake zana ɗakunan wasa, ya shiga gini da ka. Zaure, shigifa, tsakar gida, madafa, turaka, duk ya jera su yadda ya san su yana ƙarami. A wannan manhaja kowace ƙofa sai an ɗaura ta da 'yar'uwarta ta ɗaya ɗakin. In sun haɗu baki da baki zaren da ke tsakaninsu ya yi kore, in ba su haɗu ba ya yi ja. Duk suka yi kore, ban da ƙofar da ke kai mutum daga tsakar gida zuwa ɗakin Kaka, mahaifiyar goggon nasa. Tsakanin ɗakin da tsakar gida wani baƙin fili ya rage, kamu huɗu, kuma duk sanda ɗan mutumin ya taka dokin ƙofar sai ya zurma ciki ya ɓace, can sai ga shi a zaure kamar baƙon da aka kora.

Abin ya fi ba shi mamaki a kan haushi. Daga ina kamu huɗun nan suka fito? Ya jawo ɗakin Kaka ya manna shi da tsakar gida, sai bayan ɗakin ya rabu da katanga, ƙofar makewayi ta yi ja. Ya miƙar da tsakar gida, sai rijiya ta shige cikin madafa. Ya toshe nan, can ta ɓalle. Ya goge ƙofar ya sake zanawa, ya kashe kwamfutar ya kunna, duk a banza. Har ya rubuta wa masana na ƙasashen da bai taɓa takawa ba, suka ce awonsa ne bai yi daidai ba. Ya sake aunawa, kamu huɗu suna nan daram. Kwana uku yana wannan fama, ya tambayi na bayan teku, amma tsohuwar da ke kan tabarma a bayansa tana laluben tsakuwa cikin wake, ko waiwayarta bai yi ba. Wai me ta sani game da kwamfuta? Ka ji fa. Mai ido ma yana da tasa makantar.

Ranar Juma'a da hantsi ta gaji da jin tsakinsa. Ta matso, ta kai fuskarta dab da allon, ta ce, "Wannan baƙin wurin fa?" Ya ce ai shi ne ya hana shi sakat, ƙofar Kaka ta ƙi haɗuwa da ta tsakar gida. Ta ƙara dubawa, sannan ta yi dariya. "Yo ina za su haɗu, ɗan nan? Ai ba ƙofa ɗaya ba ce, biyu ne. Akwai ɗan ɗaki a tsakani, mai randa a kusurwa. Nan na zauna shekara bakwai bayan rasuwar mijina. Kullum a guje kake wuce ni, za ka karɓi dakuwa wurin Kaka. Ni kuwa nake daka ta."

Kunya ta rufe shi, har ya kasa ɗaga kai. Sai a lokacin ya tuna wani ɗan duhu mai sanyi, da ƙamshin sabuwar randa, da hannun da ke tare shi kada ya yi tuntuɓe. Ashe bai taɓa tsayawa ya dubi mai hannun ba. Ya zana ɗakin, kamu huɗu cif, ya sa masa ƙofa biyu, ya ajiye randa inda ta nuna. Nan take zare biyun suka yi kore. Ya ɗora yatsanta a kan maɓalli, ta tuƙa ɗan mutumin daga zaure, ta ratsa shigifa, ta ƙetare tsakar gida, ta shiga ɗan ɗakin. Sai ta ɗauke yatsanta. Ya ce, "Goggo, ga ɗakin Kaka nan gaba." Ta ce, "Na sani. Bari in ɗan zauna a nawa tukuna."

To, kai ma kafin ka sake cewa ka bincika ko'ina, waiwaya ka ga wa ke zaune a bayanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.