Ɗakin Ƙuryar Gida

Ɗiyan wani tsoho sun gina masa ɗakin siminti can ƙuryar gida, wai ya huta da hayaniya. Ya leƙa, ya kasa zama a ciki, ya dawo tsakar gida.

Jikanyarsa mai karatun likita a Maradi tana naɗe tabarmarsa za ta kai can.

"Ke, me ake koya muku?"

"Angona, kusan kowace ƙwayar jikinka tana da ɗan ɗakin da ƙwayoyin halin da ka gada ke zaune a ciki. Na tsakiya ne ke aiki. Na jikin bango kuwa, lafiyarsu lau, amma yawanci shiru suke."

Ya dubi ɗiyansa suna shawarar buɗe rumbu, ba wanda ya waiwaye shi.

"Aje tabarmar nan. Ba ni tashi."