Ranar da Ya Fi Kowa Aiki

Yana rungume da jaririyar a barandar asibiti sai wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne. Ya amsa a tsorace, domin tun da naƙuda ta taso da safe ya ruga da matarsa, ya bar kwamfutar aikinsa a buɗe a gida, ko izini bai nema ba. Ga shi kamfanin da yake rubuta wa manhaja ya kafa sabon ma'auni mai ƙirga duk maɓallin da mai rubuta manhaja ya danna, wanda ya zo ƙarshe a sallame shi.

"Kai, yau aljanunka ne suka tashi?" in ji manaja cikin murna. "Ka ninka kowa!"

Ya yi godiya, bai gane komai ba.

Da ya koma gida ɗaukar kayan jariri, sai ya tarar da mahaifiyarsa a kujerarsa, ta sa tabarau, tana ta caccakar maɓallai da yatsu biyu kamar kaza ta samu tsaba.

"Inna! Me kike yi?"

"Ba kai ka ce in abin nan ya yi shiru za su kore ka ba?" Ta miƙe tana murza yatsu. "Zo karɓi aikinka. Ni an ƙara mini girma, jika zan je ɗauka."