Ranar da Mai Ginin Tukwane Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Ke da kike cewa kunya ta hana ki magana, matso ki ji. An yi wata mai ginin tukwane da ta haifi bakwaini, 'yar mitsitsiya, kukanta ma sai an kasa kunne. Da za a sallame su daga asibiti aka ja mata kunne cewa jinjirar ba ta da ƙarfin yaƙi da ciwo, kada mai ƙuraje ya kusance ta. Ita kuwa sana'arta ta riga ta koya mata cewa ɗanyar tukunya ba a gwara ta da gasassa. Ana gobe suna, tana cire wa ɗan farinta riga sai ta ji jikinsa zafi rau, ga ƙuraje masu ruwa sun feso masa a baya. Ƙarambau ne. Surukarta ta leƙa ta ce, "Baƙon kowane yaro ne, a sa masa doguwar riga a yi shiru, kada a ɓata taro." Mai jego ta haɗiye maganarta, don matar kirki ce irin ta da, ko sunan yaron nan ba ta taɓa faɗa ba, sai dai "wannan yaron". To, a gidan nan kuma al'ada ce ranar suna a ɗora wa yaya jariri a cinya ya tofa masa albarka, wai don kada ya yi ƙyashi.

Gari ya waye, tsakar gida ta cika maƙil, ga masu ciki, ga masu goyo. Aka zaunar da yaron a tabarma yana ta mutsu-mutsu cikin doguwar rigarsa, wata gwaggo ta ɗauko jinjirar ta nufe shi ana guɗa. Nan fa tsoron rasa 'ya ya rinjayi kunya. Mai jego ta fito da sauri, ta ƙwala wa ɗan farinta kira da sunansa ɓaro-ɓaro, ta ɗage rigar kowa ya gani. Guɗa ta tsaya cak. Wallahi tsofaffin nan sun fi razana da jin sunan a kan ganin ƙurajen! Aka yi ta salati, ana cewa haihuwa ta taɓa mata kai. Ko a jikinta. Masu ciki suka sulale, ta sa aka kai yaron gidan ƙanwarta inda kowa ya riga ya yi ciwon, ita kuma ta ɗauki jinjirar ta koma asibiti ta faɗi gaskiya, aka yi abin da ya kamata, aka ci gaba da sa ido. Ta sha gori, ta sha kukan kewar ɗanta a ɓoye, amma kwanaki suka shuɗe ko ƙurji ɗaya bai fito wa jinjirar ba. Ranar da ƙurajen yaron suka bushe ya dawo, surukar nan da bakinta ta rangaɗa guɗa, ita kuma uwar da hannunta ta ɗora masa ƙanwarsa a cinya, jinjirar ta yi kumatu har tana kama masa yatsa.

Da ta ja bakinta ta yi shiru, da taro ya yi kyau, sai dai wataƙila a dawo gidan gaisuwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoye cibi.