Shanun Huɗa ko Mota

Motar ta sake mutuwa, wannan karon a ƙofar gidan su Turai a Yammedi. Halliru ya rufe bonet, ya goge baƙin mai a gefen rigarsa, bai yarda sun haɗa ido ba. Doguwar mota ce ta manya, wadda wani ɗan kwangila ya gaji da ita. Shanun huɗar gidansu Halliru ya sayar ya saye ta.

"Baba ya ba ni saƙo," in ji Turai, tana murza bakin mayafinta. "Damina ta sauka, gonarka ko huɗa babu. Ya ce ka sayar da ita ka mai da shanu, sannan ka turo magabatanka. In ba haka ba, kada ka ƙara zuwa."

"Wani a Rogo ya taya," ya ce a hankali. "Ko gobe sai ya ɗauka."

Ta ji daɗi, amma idonta ya kuɓuce mata, ya sauka kan kujerar gaba, inda take zama ranar kasuwar Karaye ƙawayenta na leƙe. Halliru ya ga kallon.

"Turai, tsakaninki da Allah. Na daɗe ina wucewa ta nan a keke. Da a kansa na fara zuwa, da kin fito?"

Tana son sa, wannan ta tabbata. Amma duk iya tunaninta, ta kasa tuna ta taɓa ganin keken.

Ya jira har ya gaji. Sannan ya zare makullin ya jefa a aljihu.

"Ki ce wa Baba ba ta sayarwa ba ce."

Ya kama hanyar Karaye a ƙafa.