Ranar da Jaki Ya Tsaya, Kaka Ta Wuce

Har yau ina ganin ƙwaryar nan ta Kaka, mai ɗinki a gefe, cike da nono, an rufe ta da faifai. Da la'asar ne, muna bisa amalanken jaki ni da ita, za mu Azarori kai wa gwaggona da ta haihu. Ni ke riƙe da igiya, ina ji da kaina.

Da muka kama gangaren ƙorama, amalanke ya dinga tura jaki, jaki ya zuba da gudu. Na ce, "Kaka, kama katako!"

Ta ce, "In kama katako, wa za shi kama nono? Ja bakinka, ɗan nan, ka ja jakinka."

Jaki na ganin ruwa sai ya turje, ya tsaya cak. Amalanke ya tsaya. Kaka kam ba wanda ya gaya mata an tsaya. Ta wuce ni a zaune yadda take, ƙwarya a hannu, ta dira dabas cikin rairayi gefen jaki. Ita ta tsaya nan, nono kuma ya ture faifai ya yi gaba abinsa.

Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Yau da ba ta da rai, wallahi da zan samu in sake danne dariyar nan.

Ta leƙa ƙwarya, ta dubi farin da ya malale can gabanta, ta gyara kallabi.

"To, madalla. Nono dai ya hi mu kusa da Azarori."